Yadda Muka Hana Clarrie Zammit Faɗuwa Zaɓe

In ka shiga zauren ƙaramar hukumar Tinnaba, ka ga hotunan waɗanda suka taɓa riƙe magajin gari jere a bango, duba na ƙarshe. Sauran duk sun washe haƙora kamar masu tallan man goge baki. Shi kaɗai ne, da sarƙar zinariya a wuya da jar alkyabba, ya yi fuskar wanda likita ya ce masa ya zauna tukuna akwai magana. Wannan shi ne Clarrie Zammit, magajin garinmu, kuma mu muka yi masa wannan aika-aikar.

Clarrie ya kwashe shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwasar rake daga gonaki zuwa injin sukari. Aikin ya dace da shi, don jirgi ba ya tambayarka dama ko hagu, inda dogo ya nufa nan za ka. A ƙasa ma haka yake rayuwa. Tun yana yaro ba wanda ya taɓa jin "a'a" a bakinsa. Ka ce ya ara maka injin yankan ciyawa, "Ba komai, mutumina." Ka ce tunda injin ya fi sabawa da hannunsa ya zo ya yanke maka ciyawar gaba ɗaya, "Ba komai." Akwai wani kare da ya taɓa biyo shi gida ya zauna har ya tsufa ya mutu, ba don Clarrie na son kare ba, kunyar korarsa ya ji. Ranar aurensa da limamin coci ya tambaye shi ko ya yarda ya auri Noelene, waɗanda ke sahun gaba sun rantse "ba komai" ya ce, sai da amarya ta taka masa ƙafa ya gyara.

Abu ɗaya ne Clarrie ya fi kowa a Tinnaba: gashin soseji, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji, na ranar zaɓe. Tunda a ƙasarmu duk wanda ya ƙi jefa ƙuri'a sai an ci shi tara, ranar kowa sai ya fito, har waɗanda ba su san ana zaɓe ba sai da matansu suka tashe su. A ƙofar makarantar firamare, inda ake jefa ƙuri'ar, iyayen yara kan kafa rumfa su sayar da soseji cikin yankan burodi don taimakon makaranta, kuma Clarrie ke kan wuta tun ina da gashi baƙi. Albasa a ƙasa, soseji a sama, kada ta zubo maka a riga. Akwai mutanen da ban taɓa jin sun ambaci sunan ɗan takara ko ɗaya ba, amma su gaya maka a wane zaɓe Clarrie ya canza mahauci.

Noelene kuwa duk shekarun nan jira take. Mutanenmu da zarar kai ya yi furfura sai su sayi ɗakin tafi-da-gidanka, su ɗaura a bayan mota, su bazama zagaya ƙasa suna tare wa masu sauri hanya. Noelene tun 'ya'yanta na goye take wannan mafarkin. Da Clarrie ya ajiye aiki ta sayi ɗakin, fari fat, ta ajiye shi ƙarƙashin mangwaron gidansu, ta ɗinka masa labule, ta manna taswira a jikin firiji. An tsayar da magana: damina na wucewa, bayan bikin Ista, za su ɗaga.

Sai Des ya zo cin abincin ranar Lahadi.

Des Farrugia yayan Noelene ne, dillalin taraktoci da filaye, mai hula faffaɗa da agogon da ya fi na hasumiyar coci girma. Tun yana makaranta yake son sarƙar magajin gari. Matsalarsa Gwenda Hartigan, wadda ta zauna kujerar har kujerar ta ɗauki siffarta. Gwenda ba ta taɓa ganin ƙyallen bikin buɗe gini a ɗaure ta ƙi neman almakashi ba. Ko ban-ɗakin bakin kogi akwai allo mai sunanta, a ƙofar maza da ta mata.

Ana cikin cin gasasshiyar taliyar Noelene, Des ya jawo kwalbar miyar tumatir tsakiyar tebur.

"Wannan ni ne," ya ce. Ya jawo barkono. "Wannan Gwenda." Ya jawo gishiri. "Wannan kai ne, Clarrie."

"Ba komai."

"Ban gama ba. A takardar zaɓe mutum na rubuta ɗaya, biyu, uku, ko ba haka ba? Wanda ya zo na ƙarshe a cire shi, a kwashe ƙuri'unsa a zuba wa wanda aka rubuta wa biyu. To, 'yan injin sukari ba sa ƙaunata."

"Saboda taraktocin da ka sayar wa iyayensu," in ji Noelene.

"Amma kai suna ƙaunarka. Sai ka tsaya takara. Su rubuta maka ɗaya, ni biyu. Kai ka zo na ƙarshe, a cire ka, a juye min." Ya zazzaga gishiri a bakin kwalbar. "Na haye kan Gwenda. An gama."

Clarrie ya dubi gishirin da ya zube a tebur. "Wato aikina in faɗi."

"Shi ke nan. Duk garin nan wa ya fi ka iyawa?"

Noelene ta ajiye cokali. In ta kira shi da cikakken sunansa, ko tsuntsayen kan mangwaro shiru suke yi.

"Clarence. Litinin ɗin bayan Ista zan ɗaura wancan ɗakin a mota. In kana ciki, to. In ba ka ciki, shi ma to."

"Haba, Noels," in ji Des, "wa zai zaɓi wannan? Dube shi fa."

Suka dube shi. Da miyar tumatir a haɓarsa. Hankalin Noelene ya ɗan kwanta.

Abu na farko da ya lalace shi ne jerin sunaye. Jami'in zaɓe ya zuba sunayen 'yan takara a ganga ya juya, ya zaro, sai ga Clarrie a sama. Kuma muna da masu ƙuri'ar jaki, waɗanda tara ce kawai ta fito da su, su rubuta ɗaya, biyu, uku daga sama zuwa ƙasa ba tare da sun karanta suna ba, su ruga wajen soseji. A Tinnaba jakunan nan sun isa su kafa jam'iyya.

Des ya ce wannan ba abin damuwa ba ne. Ya buga wa kansa hotuna manya-manya, kowanne ya kai ƙofar gareji, ya buga wa Clarrie 'yan ƙanana da hoton lasisin tuƙinsa, wanda in ka gani sai ka ɗauka 'yan sanda ke nemansa. Ya kuma buga katunan da ake miƙa wa mutane a ƙofar rumfar zaɓe. Na Clarrie ya ce: Clarrie ɗaya, Des biyu. Nasa kuwa, don kada ko ƙwaya ɗaya ta gangara wajen Gwenda, ya ce: Des ɗaya, Clarrie biyu. Ku riƙe wannan.

Sai aka yi taron jin ta bakin 'yan takara a zauren gari, da yamma bayan an tashi aiki, fanka na juya iska mai zafi. Gwenda ta yi magana har shayi ya huce, ta lissafo duk abin da ta buɗe, har da wata gada da ta buɗe sau biyu. Des ya tashi ya ce shi ya gina kansa da kansa daga babu, wani daga baya ya ce ai ga alama nan, magini ɗaya ne ya yi aikin. Sannan Clarrie ya miƙe, yana murza hularsa kamar mai matse wanki.

"Jama'a," ya ce, "ni dai ban san komai ba game da wannan aikin."

 Tun da aka kafa Tinnaba ba a taɓa jin ɗan takara ya faɗi haka ba.

Merv Tuckey, tsohon mai yankan rake da ba ya zuwa taro sai don ya ɓata shi, ya ɗaga sandarsa. "Kai Zammit, me za ka yi game da ramukan hanyar kogi?"

"Ni ma ciki nake faɗawa, Merv."

"Harajin gidaje fa? Ya yi yawa ko bai yi ba?"

"Noelene ke biya. Ban taɓa tambaya ba."

"To me ka iya, sakarai?"

"Tuƙin jirgi. Shi ma na daina." Ya hango Noelene a sahu na uku ta harɗe hannu. "Don Allah kada ku zaɓe ni. Des ya fi ni. Gwenda ma ta fi ni. Wancan karen nawa da ya mutu ma ya fi ni."

Zauren ya kusa rushewa da tafi.

Abin da Des ya manta, duk da a nan aka haife shi, shi ne halinmu. Mu in mutum ya yabi kansa, sai mu gyara zama mu jira ranar da zai zame. In kuwa ya kushe kansa a bainar jama'a, to wannan mutumin kirki ne, a saya masa giya. Ba wanda ya ɗauka Clarrie da gaske yake. Muka ce kai, ashe duk shekarun nan akwai barkwanci a cikin mutumin nan. Merv, wanda rabon da ya yabi wani tun jana'izar uwarsa, ya dafa kafaɗarsa a bakin ƙofa ya ce, "Kai dai wawa ne na ƙarshe. Ƙuri'ata taka ce."

A mota Noelene ta ce, "Gyara wannan ɓarnar."

Washegari Clarrie ya je wajen jami'in zaɓe don ya janye, aka ce masa ai an rufe, an riga an buga takardu. Ya ce ba komai. Sai ya yanke shawarar bin gida-gida ya roƙi mutane ɗaya bayan ɗaya su yi masa rai. Gida na farko, Misis Pappalardo ta ce ta ji, amma tunda ya zo, famfon kicin ɗinta na ɗiga. Ya gyara. Gida na biyu ƙofar kejin kaji ce. Na uku ya hau rufi ya kwashe ganyen da ya toshe indararo. Kafin mako ya zagayo Clarrie ya gyara rabin garin da Gwenda ta shekara da shekaru tana buɗewa, kuma a kowace ƙofa yana fita yana cewa, "Kada dai ki manta, ban da ni." Su kuwa su yi dariya su ce, "Kai Clarrie, ba ka da dama."

Des ya tare shi a gidan mai.

"Mutumina, rage gudu mana. Cewa na yi ka faɗi."

"Wallahi ƙoƙari nake, Des."

"To daina ƙoƙarin. Zauna a gida. Ka yi rashin lafiya."

Ya zauna a gida. Sai labari ya bazu cewa Clarrie ya kwanta saboda wahalar da ya sha yana yi wa jama'a aiki, mata suka dinga kawo miya da waina har firiji ya ƙi rufuwa.

Duk da haka, ni a ganina da Des ya tsira, ba don soseji ba. Doka ta hana ɗan takara miƙa wa mai zaɓe abinci, ko da na makaranta ne. Don haka ranar Asabar ɗin zaɓe, karo na farko a tarihin da muke iya tunawa, ba Clarrie ne kan wuta ba. Des ya kawo Trevor, mijin 'yarsa, mai sayar da inshora, mutumin da ko ruwan zafi ya dafa sai ya kama. Trevor ya cika wuta. Soseji ya fito waje gawayi, ciki kamar yanzu aka yanka saniyar. Albasa kuma a sama ya ɗora ta, tana zubo wa mutane a takalmi.

Clarrie na bakin ƙofa da katunansa, ya juya wa rumfar baya don kada ya gani, amma hancinsa na ji. Hannunsa na dama sai motsi yake shi kaɗai, yana juya naman da babu.

"Wa ya gasa wannan tayar motar?" in ji Merv.

"Surukin Des," aka ce masa.

"Ina Clarrie?"

"Ga shi can. Des ya sa shi takara."

"Wato Des ne ya jawo mana wannan."

Haka maganar ta bi layi daga bakin ƙofa har cikin aji. Mutane suka shiga rumfar zaɓe da gawayi a haƙora. Mu mutane ne masu haƙuri. An sayar mana da taraktoci marasa birki mun yafe. Amma akwai iyaka.

Da aka ƙirga, Gwenda ce a gaba, Clarrie na biye, Des na ƙarshe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka cire Des. Aka ɗauko ƙuri'unsa a ga wa suka rubuta wa biyu. Magoya bayan Des kuwa mutane ne masu biyayya, abin da katinsa ya ce shi suka kwafa, harafi da harafi. Aka ɗaga kwalbar miyar tumatir aka juye ta kaf a cikin gishiri.

Ranar Talata da rana Clarrie na kwance ƙarƙashin ɗakin tafi-da-gidanka yana shafa wa ƙafafunsa giris, Noelene na jera gwangwanayen wake a ciki, sai ga Merv ya dogaro sanda. Ya tsaya kan ƙafafun da suka leƙo waje.

"Ranka ya daɗe," ya ce.

Ƙafafun suka daina motsi.

Noelene ta leƙo ta taga, tsakanin labulen da ta ɗinka. Ba ta ɗaga murya ba. "Clarence. Tashi ka wanke hannu, ka je ofishin ƙaramar hukuma ka ce musu ba ka so. Kalma ɗaya ce. Yara 'yan shekara biyu ma sun iya ta."

Ya tafi, kuma ni shaida ne da niyyarsa ya tafi, don a hanya an gan shi yana maimaitawa, leɓensa na motsi. Yana shiga, ma'aikata suka miƙe suna tafi. Sakatariya ta fashe da kuka ta ce shekara goma sha biyu ba a taɓa ce mata sannu ba sai yau. Wani ya kawo kek. Wani ya zagayo da tef yana auna kafaɗarsa, don alkyabbar Gwenda sai an rage ta. Clarrie ya buɗe baki, ya ce, "Dama na zo ne in ce..." sai ga Misis Pappalardo ta kama hannunsa da hannu biyu, ta ce tun rasuwar mijinta ba ta fita zaɓe da farin ciki ba sai bana, ta san ba zai ba su kunya ba, ko zai ba su?

Ya dubi kek. Ya dubi tef. Ya dubi tsohuwa.

"Ba komai," ya ce.

Litinin ɗin bayan Ista aka rantsar da shi da safe, aka ɗauki hoton nan da ke bango. Bai ko tsaya cire sarƙa ba ya taho gida. Ya tarar an riga an ɗaura ɗaki a mota, Noelene na kan sitiyari da baƙin tabarau. A kujerar gefe, kujerarsa, wadda ya sa wa matashin bayansa tun watan jiya, Carmel ce zaune, matar Des, da jakarta a cinya. Ta ce tun ranar Talata Des ke zagaya gida yana bayanin gishiri da barkono, in ta ƙara kwana ɗaya za a ji su a labarai.

"Akwai miya a firiji," in ji Noelene. "Ta masoyanka ce. Za ta kai ka hunturu."

"Noels, shekara huɗu ce kawai."

"Na san lissafi, Clarence. Na yi talatin."

Ta ja mota. Rabin unguwa na tsaye a bakin shinge ana kallon magajin gari cikin jar alkyabba yana ɗaga wa gidansa hannu. A ƙarshen layi ƙafar ɗakin ta faɗa rami, gwangwanayen wake suka yi ƙara har inda muke. Motar ta tsaya. Noelene ta zuro kai.

"Mai girma magajin gari, a cike wannan kafin in dawo."

Da yammar ranar ya fito da shebur da baro ya cike shi da kansa. Shi ne rami ɗaya tilo a tarihin Tinnaba da aka cike ranar da aka kai ƙara.

Yanzu shekara ta huɗu ke nan. Des ya yi fushi na mako guda, sannan ya gano cewa magajin garin da ba ya cewa a'a ya fi sarƙa amfani. An shimfiɗa kwalta har filayensa da ko akuya ba ta zuwa. Gwenda ta roƙi a bar mata yankan ƙyalle, an bar mata. Unguwar kogi an yi musu alkawarin wurin ninƙaya, unguwar tudu ma an yi musu, kuma duk wuri ɗaya ne, wanda babu shi. Mu dai ba mu taɓa jin daɗin shugaba irin wannan ba. Ba abin da ke kammaluwa, amma ba a taɓa hana kowa komai ba. Soseji kuwa har yau Trevor ne, don Clarrie ya ji nauyin karɓewa.

Noelene ta zo Kirsimeti sau biyu, ta yi baƙi ta yi ƙiba, ta koyi kamun kifi da zagin direbobin tirela. Duk Lahadi takan bugo waya, Clarrie ya saka ta a lasifika don hannunsa na cikin wanke-wanke, shi ya sa duk layin muke ji. Lahadin da ta wuce ta kira daga can yammacin ƙasa, ana jin teku a bayanta.

"Carmel ta ce Des ya ce ba zai tsaya ba bana."

"Haka ne."

"Gwenda ma."

"Ita ma."

"To wa zai tsaya?"

Clarrie ya ƙara buɗe famfo.

"Clarence. Merv ya zo gidan nan?"

"Ya ɗan leƙo. Wai in sake tsayawa."

"Me ka ce masa?"

Ya kashe famfo. Ya ɗauki tsumma ya goge faranti ɗaya, ya sake goge shi.

"To," in ji Noelene. "Carmel, miƙo taswirar nan. Dama ba mu ga tsibirin Tasmaniya ba."